Yadda ake tarbar mara lafiya a ɗakin gaggawa, mataki-mataki, bisa abin da bincike ya tabbatar

A farkon aikina an shigo mana da wani dattijo da tsakar dare, baki a karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana ba ta fita. Kallo ɗaya na yi masa na yanke hukunci: shanyewar ɓarin jiki. Na zauna ina cika takardar neman hoton ƙwaƙwalwa, sai nas ɗin da ke bakin aiki, wadda ta girme ni a shekaru da kuma a aiki, ta soki yatsansa ba tare da ta nemi izinina ba. Ta juyo da na'urar ta nuna mini lamba 31. "Likita, ga sugansa," iyakar abin da ta ce ke nan. Minti goma bayan an ɗura masa ruwan gulukos ta jijiya, dattijon ya tashi zaune yana tambayar wa ya cire masa takalmi.

Na san faɗuwar suga tana kwaikwayon shanyewar jiki, na ma taɓa amsa tambayar a jarrabawa. Tsari ne na rasa a daren: na tsallake mataki don idona ya riga ya ba ni amsa. Wannan kuskure yana da ɗan'uwa, wato yin abu don kawai haka muka tarar ana yi. Sabo turken wawa. A shekaru arba'in da suka wuce, manyan gwaje-gwaje a kan dubban marasa lafiya sun tabbatar da wasu abubuwan da muka gada, sun kuma rushe wasu, har da waɗanda muke iya rantsuwa a kansu. Adadin magungunan da zan ambata na manya ne sai inda na ce yara, kuma ƙa'idar asibitinka tana nan a matsayinta.

Mataki na farko: ware wanda ba zai iya jira ba

A nan ba a bin wa ya riga wa zuwa. Akwai tsare-tsaren tantancewa da dama, kamar na Manchester mai launuka biyar, da wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta mai launuka uku: ja, rawaya, kore. Wanda ka zaɓa bai kai muhimmancin a ce kowa a ɗakin yana bin guda ɗaya ba. Ja na nufin yanzu.

Kada ihu ya ɗauke maka hankali. Mai ihu hanyar iskarsa a buɗe take, kuma jini na kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi lamo a kusurwa, gumi na tsattsafo masa, shi ne abin tsoro. Launi kuma ba ya dawwama: koren ƙarfe biyu yana iya zama jan ƙarfe uku, don haka a riƙa zagayawa wurin masu jira.

In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, sauran matakan sun tsaya. Ka nemi taimako, ka fara danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura iska 2, a kawo na'urar girgiza zuciya da lantarki.

Mataki na biyu: abubuwa biyar a jere

Hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hayyaci, sannan buɗe jiki a duba. Duk matsalar da ka gani ka gyara ta kafin ka wuce gaba. Abu ɗaya ne ke shiga gabansu: jinin da ke tsartuwa, wannan a danne shi tukuna.

Ka yi masa magana. In ya amsa da murya sarai, hanyar iska lafiya a yanzu. Minshari ko gurguri a bakin wanda ya fita hayyacinsa alamar toshewa ce: a zuƙe abin da ke bakin, a ɗaga haɓa, in kuma ana zargin rauni a wuya a turo muƙamuƙi gaba kawai.

Adadin numfashi shi ne awon da aka fi yi wa ƙarya a takarda. Buɗe fayil goma, za ka ga 20, 20, 20, kamar an haɗa baki. Ka tsaya da agogo ka ƙirga, domin sau da yawa shi ne ke fara canzawa kafin mutum ya rikice. Iskar oksijin kuwa magani ce mai ƙa'ida. A yawancin mutane ana neman na'urar yatsa ta nuna 94 zuwa 98. Mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu 88 zuwa 92 ya ishe shi. Wani gwaji da aka yi a motocin ɗaukar marasa lafiya a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa auna musu iskar ya rage mutuwa idan aka kwatanta da buɗe musu ita gaba ɗaya. In gefe ɗaya na ƙirji ya yi shiru, matsin jini na faɗuwa, mutum na shiɗewa, iska ce ta taru ta danne huhu. A soke a fitar da ita, ba a jiran hoto.

A zagayawar jini ka taɓa hannunsa ka ji sanyi ko ɗumi. Ka danna farce na daƙiƙa 5 ka saki. In jan bai dawo ba bayan daƙiƙa 3, akwai magana. Ga wata dabara mai sauƙi: idan bugun zuciya ya haura lambar sama ta matsin jini, misali bugu 118 matsi 100, ka ɗauka jiki na gab da durƙushewa ko da mutumin yana hira. Matasa sukan riƙe matsin jininsu har sai abu ya yi nisa, sannan su faɗi gaba ɗaya. A sa kanula babba, wato allurar ƙarin ruwa ta jijiya, biyu in da hali.

A hayyaci ka ga ko idonsa biyu, ko sai an kira shi, ko sai ya ji zafi, ko ba ya motsi sam. Ka haska ƙwayar ido. Sannan suga, ga duk wanda hankalinsa ya gusa, ko ana jin warin giya a bakinsa. Ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi. A ba shi ruwan gulukos mai kashi 10, mililita 150 zuwa 200, a sake aunawa bayan minti 15. In ƙwayar suga irin su gilibenkilamaid ce ta jawo, kada a sallame shi don ya farfaɗo. Maganin na daɗewa a jiki, sugan zai sake faɗuwa.

Na biyar, a buɗe jiki har baya da hammata da matsematsi, sannan a rufe shi kada sanyi ya kama shi.

Mataki na uku: ciwon ƙirji

Gwajin ECG, wato awon lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowa, kuma wanda ya iya karantawa ya gani nan take. Takardar da aka ciro aka cusa a fayil ba ta amfani kowa ba. In ta farko ba ta nuna komai ba amma ciwon na nan, a maimaita bayan minti 15 zuwa 30. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo da haki, amai, kasala ko zafin saman ciki maimakon ciwon ƙirjin da aka koya mana. Kuma don ciwo ya lafa bayan shan maganin gyambon ciki, wannan bai wanke zuciya ba.

In ana zargin toshewar jijiyar zuciya, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna. Gwajin ISIS-2 na 1988, a kan mutum sama da 17,000, ya nuna asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi 23 cikin 100, da aka haɗa shi da sitireftokines, allurar narkar da gudan jini, ragin ya kai kusan kashi 42. Da wuya ka sami magani mai sauƙin samu da ya kai shi aiki, amma sai ka tarar an sa ruwa, an ɗebi jini, an kira manya, shi kuma an manta da shi.

Idan ECG ya nuna ɗagawar sashen ST, alamar jijiyar zuciya ta toshe, tambaya ɗaya ce: za a iya buɗe jijiyar da bututu cikin minti 120? In eh, a tura shi ba tare da ɓata lokaci ba. In a'a, kuma ciwon bai wuce awa 12 ba, a ba da allurar narkar da gudan jini cikin minti 30 da isowarsa, bayan an tabbatar babu abin da ya hana, kamar tarihin zubar jini a ƙwaƙwalwa ko babbar tiyata ta kwanan nan. Kafin ka ɗura, ka tambayi yanayin ciwon. Wanda ya zo farat ɗaya kamar ana yaga ƙirji, ya ratsa zuwa baya, matsin jinin hannu biyu ya sha bamban, yana iya zama tsagewar babbar jijiyar jini. Wannan allurar tana iya kashe shi.

An daɗe ana ɗora wa kowane mai ciwon zuciya abin shaƙar oksijin. Gwajin DETO2X na Suwidin a 2017, da mutum sama da 6,600, bai ga wani amfani ba ga waɗanda iskar jininsu ke daidai. Yanzu sai ta sauka ƙasa da 90. Ƙwayar naitiret ta ƙarƙashin harshe tana rage ciwo, amma a guje ta in matsin jini ya yi ƙasa, ko ana zargin ɓangaren dama na zuciya, ko mutum ya sha sildenafil, maganin ƙarfin maza, a cikin awa 24. Tambayar ƙarshen nan sai ka rage murya, ka kuma nemi 'yan rakiya su ɗan ba ku wuri, in ba haka ba a'a za ka ji.

Gwajin jini na tirofonin, mai nuna lahani a tsokar zuciya, guda ɗaya da aka yi da wuri ba ya isa a sallami mutum. A maimaita bayan awa 1 zuwa 3 in mai kaifin ganowa ne, in na da ne sai an ƙara jira.

Mataki na huɗu: rauni da zubar jini

Ka danna da ƙarfi a daidai inda jinin ke fita, in rami ne a cusa masa bandeji a ci gaba da dannawa. In hannu ne ko ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure da maɗaurin tsayar da jini santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokaci. Tsohuwar koyarwar nan ta a riƙa sassautawa lokaci-lokaci an bar ta, domin kowace sassautawa jini ne ke tafiya. In ana zargin karayar ƙugu a ɗaure shi da zane ko maɗauri a saitin kan ƙashin cinya. Yawancin mutane sukan ɗaure can sama a saitin cibiya, inda ba ya aikin komai.

Wanda ya zubar da jini, jini yake bukata. Lita-lita na ruwan gishiri suna tsinka abin da ya rage, su sanyaya jiki, su ɓalle gudan da ya fara toshe raunin. Kafin a kai ga tiyata, lambar sama ta 80 zuwa 90 ta wadatar, sai fa in akwai rauni a kai, domin ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta jure ƙarancin matsi. A lulluɓe shi, jinin mai jin sanyi ba ya daskarewa da kyau.

Sai tiranekzamik asid, maganin rage zubar jini: giram 1 ta jijiya cikin minti 10, wani giram 1 cikin awa 8. Gwajin CRASH-2 na 2010 ya haɗa mutum 20,211 a ƙasashe 40, mutuwa ta sauka daga kashi 16 zuwa 14.5. Ragin kamar kaɗan ne, amma ka lissafa yawan masu haɗari a duniya. Sharaɗinsa lokaci: cikin awa 3 da raunin, mafi kyau a awar farko. Bayan awa 3 amfanin ya tafi, har ana ganin alamar cutarwa.

Abin sha'awa a nan shi ne, da maganin ya yi suna sai aka fara ba masu aman jini, bisa tunanin jini ai jini ne. Gwajin HALT-IT na 2020 ya gwada shi a kan mutum kusan 12,000 masu zubar jini ta hanji da tumbi: bai rage mutuwa ba, ya ma ƙara gudan jini a jijiyoyi. A irin waɗannan, wani gwaji na Basalona a 2013 ya nuna jinkirta ƙarin jini har sai himogulobin, wato awon yawan jini, ya sauka ƙasa da 7 ya fi tsirar da rai, banda wanda jini ke kwarara ko mai ciwon zuciya.

Labarin da ya fi koya mini tawali'u shi ne na sitiroyid a raunin kai. Shekara da shekaru ana ba da shi, hujjar kuma mai daɗin ji: ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga maganin kumburi. Da gwajin CRASH na farko ya fito a 2004, da mutum kusan 10,000, sai aka ga kashi 21 na waɗanda aka bai wa sun mutu cikin mako biyu, waɗanda ba a bai wa ba kashi 18. Kada ka ba da shi.

Mataki na biyar: zazzaɓi mai tafe da rikicewar jiki

Zazzaɓi ya cika ɗakin, aikinka shi ne tsamo wanda cutar ta fara taɓa gaɓoɓinsa. Numfashi 22 ko fiye, lambar sama 100 ko ƙasa, ruɗewa, ƙarancin fitsari, sanyin hannu da ƙafa. Rashin waɗannan bai wanke shi ba, kuma tsoho na iya zuwa jikinsa ba zafi ko kaɗan.

In jiki ya durƙushe, ko kana da yaƙinin ƙwayoyin cuta ne, maganin kashe su ya shiga jijiya cikin awa 1. A ɗebi jinin gwajin gano ƙwayar cutar kafin nan, muddin hakan ba zai kawo jinkiri ba. In matsin jini na daidai kuma kana kokwanto, jagorar ƙasa da ƙasa ta 2021 kan irin wannan ciwo ta ba ka har awa 3 ka yi bincike. Ka nemo tushen: huhu, fitsari, ciki, fata, ƙwaƙwalwa. Ƙurjin da ya tara mugunya sai an fasa. A inda ake da maleriya, ko ga wanda ya dawo daga can, a yi gwaji. Mai tsanani atesunet ne ta jijiya, miligiram 2.4 a kowane kilo, a farko, bayan awa 12, bayan awa 24, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Gwajin SEAQUAMAT na 2005 da AQUAMAT na 2010 su suka sauke kwinin daga kujerarsa.

Batun ƙarin ruwa ne ke bukatar natsuwa. Jagorar ta ce mililita 30 a kowane kilo cikin awa 3, amma ita kanta ta ce shawara ce mai rauni. A 2001 wani gwaji daga Ditroit ta Amurka ya sa duniya ta rungumi tsari mai tsauri na ruwa da na'urori; manyan gwaje-gwaje uku a 2014 da 2015 suka nuna bai fi kulawa mai kyau ta yau da kullum ba. A Zambiya a 2017, manyan da aka bi da su da tsarin ruwa mai yawa sun fi mutuwa, kashi 48 a kan 33. Gwajin FEAST na 2011 ya fi girgiza mutane: yara sama da 3,100 masu zazzaɓi a Uganda, Kenya da Tanzaniya, waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri kashi 10.5 suka mutu cikin awa 48, sauran kashi 7.3. Masu binciken kansu ba su zaci haka ba, domin a ido yaran sun yi kamar suna samun sauƙi.

Abin da nake yi shi ne: babba a ba shi mililita 250 zuwa 500, in dawo in saurari huhu, in danna farce, in duba fitsari, sannan in yanke shawarar ƙari. In ruwa bai ɗaga matsin ba, sai noradrenalin, maganin ɗaga matsin jini, ana neman matsakaicin matsi 65, kuma ana iya farawa ta kanula mai kyau a babbar jijiyar hannu. Kada a haɗa wannan da yaron da gudawa ta tsotse. Ba a sa irinsa a FEAST ba, shi ruwa ya rasa kuma ruwa zai cece shi: mililita 100 a kowane kilo, cikin awa 6 ga jariri ɗan ƙasa da shekara, awa 3 ga wanda ya fi haka.

Mataki na shida: mai haki

In ya sha magani, ko ya ci wani abu, ko ƙwaro ya harbe shi, sai ga borin jini, kumburin leɓe, shaƙewar murya ko jiri, adrenalin ne maganin. Miligiram 0.5, wato rabin mililita na mai ƙarfin 1 cikin 1,000, a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 in bai sauƙaƙa ba. Yara miligiram 0.01 a kowane kilo. Hannu yakan fara kaiwa ga haidirokotizon da maganin ƙaiƙayi saboda ana jin tsoron adrenalin, alhali ba ɗayansu da ke buɗe maƙogwaro ko ɗaga matsin jini a mintocin da ake bukata. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, in numfashi ya hana a bar shi zaune, amma kada a bari ya miƙe tsaye farat ɗaya.

Mai asma a ba shi salbutamol, fesa 4 zuwa 10 ta gorar shaƙa, ɗaya bayan ɗaya, kowane minti 20 a awar farko. In harin bai kai na halaka ba, wannan daidai yake da injin turara magani. Mai tsanani a ƙara masa ifratirofiyom. Firednisolon miligiram 40 zuwa 50 ta baki a awar farko, a ci gaba kwana 5 zuwa 7. In ya ƙi, maganeziyom salfet giram 2 ta jijiya cikin minti 20. Aminofilin ya fita daga sahun gaba, illarsa ta fi ribarsa. Ƙirjin da ya daina kuka alhali mutum na fama, ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina shiga. Kada a ba shi maganin barci don ya natsu.

Tsoho mai kumburin ƙafa da ya kasa kwanciya, ka yi tunanin ruwa a huhu kafin asma: a zaunar da shi, naitiret in matsin jini ya ba da dama, furosemaid mai fitar da ruwa ta fitsari, da injin tura iska in akwai.

Mataki na bakwai: jijjiga da shanyewar jiki

Ka duba agogo da zarar ta fara. A juya shi gefe, kada a cusa komai a baki, a auna suga. In ta kai minti 5, midazolam miligiram 10 a tsoka ga babba, ko diyazifam miligiram 10 ta jijiya a hankali. Gwajin RAMPART na 2012 ya nuna allurar tsoka ba ta gaza ta jijiya ba, don haka kada a ɓata minti goma ana farautar jijiya a hannun da ke karkarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba da rabin adadi saboda tsoron ɗaukewar numfashi, alhali jijjigar da ta ƙi tsayawa ita ma tana ɗauke shi. Bayan zubi biyu a sauya: lebetirasetam 60, ko balfurowet 40, ko fenitoyin 20, duk miligiram a kowane kilo, ba tare da an wuce iyakar kowanne ba. Gwajin ESETT na 2019 ya kwatanta irin waɗannan ukun ya ga kusan ɗaya suke, kowanne na tsayar da kusan rabi. Mai ciki da ta haura mako 20 ko mai jego, maganeziyom salfet giram 4 ta jijiya ne nata.

A shanyewar jiki, bayan suga, tambaya mafi daraja ita ce yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe. Wanda ya farka da ita, lissafinsa daga lokacin kwanciya yake farawa. Hoton CT ne ke raba toshewa da fashewar jijiya, ido ba ya iyawa, don haka ba asfirin sai an ga hoto. Allurar narkar da gudan jini tana aiki cikin awa 4 da rabi, zaro gudan da bututu kuwa har awa 24 ga waɗanda suka dace. Matsin jinin da ya hau a bar shi, sai in ya wuce 220 bisa 120, ko za a yi allurar, wadda ke bukatar ƙasa da 185 bisa 110. Huda ƙwayar nifedifin, maganin hawan jini, a tsiyaye ta a ƙarƙashin harshe don lamba ta yi kyau a takarda yana iya faɗaɗa ɓarnar. Ko ruwa kada a ba shi ta baki sai an gwada haɗiyarsa.

Mataki na takwas: ciwon ciki, da hotunan da ba dole ba

An koya wa da yawanmu kada a ba mai ciwon ciki maganin zafi sai likitan tiyata ya taɓa shi. Bincike ya nuna maganin ba ya ɓatar da gano cutar. Mutumin da ya daina murƙususu ya ma fi ba da labari. Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa a nemi yardarta a yi gwajin ciki, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kisa cikin awoyi. Tsoho mai zafin saman ciki a yi masa ECG.

Targaɗen idon sawu ba kullum yake bukatar hoto ba. Ƙa'idar Ottawa ta 1992 ta ce a yi in akwai zafi a gefen baya ko ƙarshen ƙasusuwan idon sawu, ko a ƙashin nabikula da ke tsakiyar ƙafa ta ciki, ko a gindin dogon ƙashin da ke kaiwa ga ƙaramin yatsa, ko ya kasa taka ƙafa taku huɗu. Akwai irinta ga raunin kai da na wuya, da ta PECARN ta 2009 ga kan yara. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon ƙarfe uku na dare ya gaji, gara a liƙa ƙa'idojin a bango.

Mataki na ƙarshe: kafin ya fita

Duk abin da ka ba da, ka dawo ka ga me ya yi. Wanda zai hau gado, ka miƙa shi baki da baki: me ya kawo shi, me aka yi da ƙarfe nawa, me kake tsoro, me ya rage. Wanda zai tafi gida, "in ka ji wani abu ka dawo" ba bayani ba ne. Ka ambata masa abubuwan: in ciwon ya koma ƙasan ciki ta dama, in amai ya hana shan magani, in yaron ya ƙi nono ko ya yi ta barci. Ka sa shi ko mai jinyarsa ya maimaita maka da bakinsa, a nan za ka gane abin da ya shiga. Sannan a sake auna shi kafin ya taka ƙofa. Wanda ya zo da bugu 120 kuma har yanzu yana 120, bai shirya tafiya ba, ko da ya ce ya ji sauƙi kuma ya riga ya sa takalminsa.